Wankin Kuza

Tun la'asar ruwa ya sauko Bukuru,
ƙanƙara tana jifan kwanon ofis.
Ni da Davou da janareta mai tari
muna kwasar kaya daga tsohon rumbu zuwa sabo.
Shekara tara aikin yana kwance a SVN,
yau oga ya ce Git, kuma kafin Litinin.

Kaya sun iso, ko allura ba ta faɗi a hanya ba.
Mantuwa ce kaɗai ba ta iso ba.

Malam Sabitu, wanda ya aza tubalin manhajar,
ya ɗaura wa kowace folda layarta a wuya:
wannan kar ki ɗauka, wancan kau da kai.
Bai tara su wuri ɗaya ba, bai gaya wa kowa ba,
ya ajiye aiki ya koma Bokkos noman dankali.
Layun ba su hau motar ƙaura ba.

Sai ga Git, baƙo mai zuciya ɗaya,
ya tsuguna yana tsintar duk abin da ya gani:
tarkacen da inji ke tofarwa in an gama gini,
rajistar kurakuran bara da na bara waccan,
hoton sunan ɗan Kangyang da wani ya manta a ciki,
da wani ɗan fayil mai layi uku,
mabuɗin asusun da asibiti ke biyan albashi.

Davou ya cire tabarau. Bai ce uffan ba.
Ya zuba shayi, ya bar shi ya huce.

Na buɗe farin shafi mai ɗigo a goshin suna,
na fara jera waɗanda ba a gayyata ba.
Tauraro, ɗigo, wutsiyar suna.
Sanda a kishingiɗe: ɗakin gaba ɗaya.
Alamar motsin rai: amma ban da wane.
Reshenmu na Abuja kuwa Mercurial suke riƙe,
na aika musu jerin, ya karanta shi a karkace.
Tauraron da a nan ke nufin kowa da kowa,
can sai ka fara faɗa masa da wane harshe za ku yi ciniki.

Na rubuta sunan mabuɗin, na ajiye, na duba.
Yana nan daram.
Ashe jerin na mai sallama ne a ƙofa,
ba ya korar wanda ya riga ya shimfiɗa tabarma.
Magana zarar bunu.
Ƙarfe goma na dare muka tashi akantan asibiti
muka ce a canza kwaɗo, ɓoye mabuɗi ya makara.

Kakata Tasalla ta yi wankin kuza bayan layin dogo,
ƙwarya a hannu, ruwan sanyi har gwiwa.
Takan ce ɗiba ai ko yaro ya iya,
gwaninta a zubarwa take.
Ta juya, ta karkata, yashi ya bi ruwa,
baƙin ya kwanta a gindi da nauyinsa.
Ba ta taɓa faɗin yadda take gane na zubarwa ba.
Da ta tafi, hannun ya tafi da ita,
kududdufai kawai aka bar mana.

Shi ya sa a saman kowane layi na sa dalili:
wannan inji ke haifarsa kullum,
wannan na kwamfutar mutum ne, ba na taro ba,
wannan sirri ne, don Allah.
Kwafi uku, harshe uku, tsintsiya ɗaya,
don wadda za ta zauna a kujerata
ranar da ni ma na sami Bokkos ɗina.

Ruwa ya tsagaita. Davou ya ɗauki lema.
A bakin ƙofa ya juyo: hoton fa?

Yaron yanzu yana aji biyu.
Na tura wa Kangyang shi a waya tukuna,
sai da na ga ta buɗe,
sannan na sa sunansa a jeri.