Ƙafar Hagun Laraba

Ran da aka kawo ta a bayan tirela
ta hanyar Madarunfa, ana yayyafi,
sai da muka kira Barmo maƙeri
ya sare sarƙar da ta ci naman ƙafarta.
Sarƙa ta faɗi. Ita ba ta gusa ba.
Kwana tara tana tsaye wuri guda,
tana kaɗa kai gabas da yamma
kamar mai jiran a ce mata je ki.

Ni da na tashi ina jin kakata
tana tsine wa giwaye saboda gero,
shekarar da ta ce sun ratsa gonarmu
sun bar mana kara da rumbu wayam,
ga ni da bokiti da ruwan gishiri
ina wanke gyambo, ina ba da haƙuri.

Laraba muka sa mata, ranar zuwanta.
Sunanta na da ba mu tambaya ba.
Da shi aka koya mata durƙuso,
da shi aka koya mata miƙa hannu
ta karɓi dala wurin 'yan kallo.

Yanzu baƙi kan zo daga Maraɗi.
Dokarmu ba ta da tsawo:
ga igiya, ga inuwar gawo,
a rage murya, a jira.

Wata Asabar wani attajiri ya sauko
da 'ya'ya uku da waya mai ido huɗu.
Ya ce, nawa ne a hau? Jikka biyar? Goma?
Na ce, ranka ya daɗe, bayan nan ya yi sallama da kaya,
kuɗin ƙofa na harawa ne da magani.
Ya ce, to na biya ne in kalli sabara?
Ya koma mota, ya rufe gilashi.

Autarsa Tsahara ta tsaya a igiya.
Rana ta karkata, ba komai sai kurciya
da wani ƙadangare mai gyaɗa kai.
Har na fara haɗa kalmomin ban haƙuri
sai reshe ya karye can ƙasan fadama.

Ta fito a hankali, tana ɗingishi,
ta shiga tabki har gwiwa,
ta kwashi laka ta watsa a gadon baya,
wurin da sirdi ya bar tabo fari.
Ta sake kwasa. Ta yi atishawa.
Ko kunne ba ta juyo mana ba.

Yarinya ta ce, da raɗa,
Baba, ai ba ta ma san muna nan ba.
Na ce, abin da kika zo gani ke nan.

Ba kullum ake dacewa ba.
Akwai ranar da ba ta fitowa sam,
mutane su koma da ƙaiƙayi a zani
da fushi a littafin baƙi.
Nomau, wanda muke sayen harawarsa,
ya ce mini dabba ta samu likita
alhali ɗakin maganin ƙauyensu
ko auduga sai an aika birni.
Na ƙirga masa kuɗinsa sau biyu
don ban da amsar da zan ba shi.

Damina uku ke nan.
Gyambo ya rufe, fata ta yi kauri,
tana zuwa inda ta so cikin shingen,
ta ci kalgo, ta soshe jiki da marke.
Amma ko yau, in ƙarfe ya yi ƙara,
sai ta ɗaga ƙafar hagu ta riƙe
tana jiran a ɗaura.

Jiya na yage tsohon rawanina
na naɗe mariƙin bokiti.