Haƙori Biyar

A Łódź, hawa na huɗu na tsohuwar masaƙa
inda injinan zare suka kurmantar da kakata Genowefa,
nan na kama ɗaki.
Dusar ƙanƙara tana rufe sawun taragon ƙarshe,
ni kuwa ina durƙushe bayan tebur, tocila a baki,
ina laluben ramin da ya dace.

Wayar MIDI haƙori biyar gare ta,
ba ta cizo, ba ta waƙa.
Ba sauti take ɗauka ba, tsegumi take kaiwa:
wane ya danna nan, da ƙarfi kaza,
ya daɗe kaza, ya saki.
Iyakar kayanta ke nan.

Daga sikwensa na ja ta zuwa kwamfuta.
Ƙofar fita sai ta fuskanci ƙofar shiga;
in ka haɗa fita da fita
kurame biyu ka zaunar su yi hira.
Manhajar ɗaukar sauti ta tsaya a tsakiya tana rabon wasiƙu,
hanya goma sha shida, kowa da adireshinsa.
Ta goma ta ganguna ce, haka muka tarar.
Ta ɗaya na ba tsohon sintesaiza mai gefen katako,
wanda sai ya ɗumama minti ashirin
kafin muryarsa ta daina rawa.
Ta biyu na ba wanda ba shi da jiki,
hoton maɓallai a gilashi, ba ƙura, ba tari.

Na danna. Kowane sauti ya fito tagwaye,
saƙo ya je ya dawo ya sake tafiya,
kare yana bin wutsiyarsa.
Na toshe hanyar dawowa.
Na danna. Mai katako ya amsa nan take,
marar jiki ya makara da abin da bai kai ƙiftawar ido ba,
amma kunne ba ya yafe bashi.
Na rage masa buhun da yake jira ya cika.
Na ce agogo ɗaya za a bi a ɗakin nan,
direba biyu ba sa tuƙa mota ɗaya.

Sai wani sauti ya maƙale.
Saƙon "saki" ya ɓata a hanya,
ya yi ta kururuwa kamar jiniyar tashi daga aiki
har Pan Ildefons mai gyaran keke
ya buga bango da sifana.
Na kashe komai. Na ƙirga goma. Na kunna.

Biyu da kwata na dare na zura faifan.
Ɗan faifai mai kusurwa huɗu, rubutun babana a goshinsa:
"Bikin Mirosława. Kar a goge."
Shekara talatin yana kiɗan biki daga nan har Pabianice,
ba wanda ya naɗi sautinsa.
Kayan ma an sayar a damunar da ya kwanta.
Tsegumin kawai ya rage.

Na raba shi biyu:
hannun hagu ga mai katako,
hannun dama ga marar jiki,
tunda yanzu sun fi kama da juna.

Ya shigo.
Ƙaramin yatsansa da ƙofar mota ta taɓa datsewa
ga shi nan, lamba ce ƙarama a allo,
arba'in da ɗaya inda sauran ke buga tamanin.
A gaɓa ta tara ya yi tuntuɓe,
ya makara, ya sheƙo a guje ya cim ma kansa.
Wataƙila amarya ta wuce, wataƙila an miƙo masa kofi.

Manhaja ta yi tayi cikin ladabi:
in daidaita maka shi?
Danna ɗaya, kowane yatsa ya hau layi.

Na janye hannuna daga linzamin.
Na mayar da shi gaɓa ta takwas,
na jira ya sake faɗuwa.