Ɗigo a Ƙarƙashin Baƙi

Ranar da Iliya ya dawo daga makarantar tauhidi
muna ɓarar gyaɗa a gindin ɗorawa.
Ya zo da jaka ɗaya, da tari,
da littafi mai baƙin bango da ake buɗewa ta dama
kamar na Malam Gambo na tsallaken rafi.

Baba Nomau ya shafa takardar da tafin hannu.
Damina uku ke nan da yana ta rufe masa gani,
ni ke yi masa karatu, ni ce idonsa.
Ya ce, "Wannan ne tushen? Harshen annabawa?
To nemo mini inda Dawuda ya rusuna wa Almasihu,
ya kira shi da sunan da ya fi sunaye."

Iliya ya yi shiru
har kaza ta saci gyaɗa biyu ta tsere.
Ya ce, "Baba, kalmar nan tagwaye ce a Ibrananci.
Adonai ta Mai Sama ce shi kaɗai.
Adoni kuwa, ko sarki ana faɗa masa,
ko maigida, ko mai gonar da ka yi wa ƙodago.
A nan ɗigo ɗaya aka sa ƙarƙashin baƙi.
Adoni ke rubuce."

Na ji ƙwaryar hannuna ta yi nauyi.

"Shekara arba'in ina taka keke
daga Gani zuwa ƙauyukan bayan dutse,
ƙaya ta ci tayata, rana ta ci ƙeyata,
yau ɗan cikina zai sauke Ubangijina daga kursiyi
da kashin ƙuda?"

"Ban sauke kowa ba, Baba.
Cewa na yi kada mu ɗaure bijimi a karan dawa
alhali akwai turke a wani wurin."

"Wa ya ɗiga ɗigon? Dawuda?"
"Marubuta ne, bayan ƙarnuka.
Da can baƙaƙe ne tsirara."
Baba ya tafa hannu. "Ka ji!
Baƙi na annabi, wasali na baƙo."
"Ba ƙirƙira suka yi ba.
Abin da kunne ya gada daga kunne suka ajiye."

Ana haka Malam Gambo ya yi sallama,
ya dawo da garmar da ya ara tun shuka.
Suka ja shi cikin maganar kamar mai raba faɗan raguna.
Ya ce, "Ni kun san inda na tsaya a kan ɗan Maryamu,
manzo ne, bawa ne, ban gusa ba.
Amma wasali kam na san zafinsa,
bayana ya sha dorina a kan rufu'a ɗaya.
Shari'ar gidanku ce, ku yanke ta."
Ya ɗebi gyaɗa cikin hula ya tafi.

Tuwon dare ya huce babu mai loma ta uku.

Na buɗe namu na Hausa a hasken tocila,
na tarar kalma guda ce ta ɗauki kayan biyu
kamar jaki da mangala.
Wanda ya fassara bai bar mini sawu ba.

Can tsakar dare Baba ya kira ni.
"Tabawa, ɗauko littafin yayanki.
Ɗora yatsana a kan abin."
Na lalubo inda Iliya ya saƙala tsinke,
na ɗora.
Ya daɗe yana murzawa.
Ya ce, "Ba shi da tudu, ba shi da rami."
Bai ɗauke yatsan ba.

Ta bayan danga tarin Iliya na tashi.
Baba ya saurara, ya ce,
"Akwai sauran zuma a tulun uwarku, kai masa.
Ki ce Lahadi shi zai hau mumbari.
Ni zan zauna a benci na gaba,
kuma in ya yi tuntuɓe, zan yi gyaran murya."