Wayar da Na Buga

Doka ta ce: malami, in ka ga alama, buga waya.
Na ga Tavion da riga ɗaya kwana tara,
dusar ƙanƙara na rufe Milwaukee.
Na buga.

Suka buɗe firij ɗin Marquita:
rabin kwalin madara, sai haske.
Suka rubuta "sakaci".
Ba wanda ya rubuta aikin darenta,
ko hayar da ke haɗiye albashi.

Yanzu gwamnati na biyan baƙuwa ta riƙe shi.
Da uwarsa aka ba kuɗin
da firij ya cika har bazara.

Gobe zan gaya wa 'yan majalisa a Madison:
babu ba mugunta ba ce.

Kujerarsa na nan, layi na uku.
Na hana a ɗauke ta.