Takardar Fiyano

A Dubuque, bakin kogin Mississippi,
kakata Elva ta yi shekara tara tana kaɗa fiyano
ƙarƙashin farin ƙyallen gidan silima,
zamanin da 'yan fim ba su da murya,
baki ya motsa, yatsunta su yi masa magana.

Akwai wani na sojoji a ƙauyen Faransa.
Ba harbi a ciki, ba gawa.
Wani kurtu ne mai kunnuwa kamar faifai,
wandonsa ya fi ƙarfin ƙugunsa,
aka aike shi neman ƙwai, ga shi ba ya jin yaren garin,
ya tsuguna gaban wata tsohuwa yana kyarkyarar kaza,
dinyarta ta fatattake shi har cikin randar wanki.

Fim ɗin babu shi yanzu.
Wasu sun ce gobara ce ta lashe ɗakin ajiya,
wasu sun ce narka shi aka yi
don 'yar azurfar da ke jikinsa.
Na aika wasiƙu har Prague.
Amsar ɗaya ce: sai dai suna.

Abin da ya rage takarda ce mai launin shayi,
da rubutun fensirinta a gefe:
"Ya cire hula. A hankali."
"Dinya. Da gudu, hannun hagu."
"Ya faɗa. Dakata, bar su su dara."

Wanta Orval shi ya je yaƙin gaske.
Ya dawo da ƙafa biyu, hannu biyu,
maganarsa ce ta yi zamanta can.
Kwana shida fim ɗin ya yi a gari,
kwana shida yana kujerar baya, dab da ƙofa.
Ta ce cikin dariyar mutum ɗari biyu
tana tsinto tasa,
gajera, a shaƙe, kamar tari.
Daga nan ba ta ƙara jin ta ba.

Tana da casa'in na gan ta a falo,
ta fuskanci bango, ba komai a jikinsa,
ta kaɗa hular, ta kaɗa dinyar,
sannan ta ɗaga hannuwa sama ta tsaya,
kai a karkace,
tana jiran kujerar baya.

Ni ban iya fiyano ba.
Dakatawar kaɗai na gada.