Uwarsa Fa?

Ranar Laraba, bayan la'asar,
a zauren marigayi Sambo Maituru, can Alfindiki,
mukan haɗu mu goma sha ɗaya,
idan ƙafar Malam Barau ta yarda.
Ni ne magatakarda, don na yi akawu a reluwe,
kuma hannuna bai fara rawa ba tukuna.

Kowa da abin da ya haƙo a ƙasan adaka.
Alhaji Tanimu ya zo da rasiɗin haraji,
sule bakwai, an rubuta sunan kakansa a karkace.
Barau ya kawo wasiƙar ajami daga Gwanja,
gara ta cinye gaisuwar, ta bar lissafin goro.
Muka yi ta dariya:
ko gara ta san bashi ba ya ciyuwa.

Musu kuwa, sai ka ce cinikin Kurmi.
Wata uku muna ja a kan kududdufi ɗaya.
Wannan ya ce gabas da masallaci yake,
wancan ya rantse yamma ne, a nan ya koyi iyo.
Yau shagon cajin waya ke zaune a kansa,
kwaɗin ma ba su bar magada ba.

Hajiya Tasalla ba ta zuwa da takarda.
Takan zauna daga bakin ƙofa, goro a kunci,
sai mun gama ɗora wane kan wane
ta ce, "Uwarsa fa?"
Zaure ya yi tsit.
Mu maza reshe ɗaya muka iya hawa.

Ita ce ta kwance mini rawani.
Na jero kakanni shida, marina duka,
hannu shuɗi bisa hannu shuɗi tun daga Ƙofar Mata,
ina karantawa ina gyara zama.
Ta ce, "Wadda ta haifi kakanka Ɗanjummai,
Baƙuwa ake ce mata.
Na tarar da ita ina 'yar shekara biyar,
tana niƙa, tana waƙa da harshen da babu mai amsa mata.
Tsaga uku a goshi.
Ayari ne ya zo da ita daga kudu,
kuma ba ita ta ce a taho ba.
Sunan yanka, ta tafi da abinta."

Na dubi littafi.
Maza shida, kowa da laƙabinsa,
ɗaya ma har da sunan jakinsa,
ita ko layi ba a ja mata ba.

Jikata Yalwati, mai buga mana a kwamfuta,
ta ce, "Kaka, me zan sa?"
Na ce ki bar gurbi.
Ta ce na'urar ba ta karɓar gurbi.
Na ce to sai ta koya.

Na bi Tudun Nufawa, na bi Ayagi,
ina sallama a gidajen da suka girme ni,
ina tambayar waɗanda suka fi ni rashin haƙori.
Babu wanda ya san ta.
An dai ba ni ruwa.

Larabar da ta wuce Barau bai zo ba,
kuma ba ƙafar ba ce.
Na ɗauke sunansa daga shafin masu halarta,
na kai shi baya, ƙarƙashin ubansa,
shafi huɗu kacal tsakani.
Muka shafa fatiha. Ba wanda ya tayar da zancen kududdufi.

Kafin Tasalla ta buɗe baki na riga ta:
"Uwarsa fa?"
Ta ce, "Kuluwa, 'yar masu ƙira."
Na rubuta.
Na ce, "Taki fa? Da ta uwarki?
Faɗa a hankali, Hajiya, biro na gudu."
Ta tauna goro, ta dubi rufin azara, ta soma,
har ladan ya kira magariba
ba mu wuce mace ta uku ba.