Faɗin Dala Biyar

Ƴata ce ta fara gani, wata Laraba,
ina sunkuye kan murhu.
Ta ce, Inna, wa ya aske miki nan?
Na kai yatsa ƙeya,
na taɓa fili, faɗin dala biyar,
sumul kamar bayan ludayi.

Shekara sha tara ina kitso a Zango.
Babu amaryar da ta bar layinmu
ba da tsagata a kanta ba.
Ga ni yau, kowace asuba,
ina tsince kaina daga matashi,
in dunƙule, in tura ramin katanga
kafin Malam Ɗanjimo ya dawo daga masallaci.

Man darbejiya na shafa, da tafarnuwa
har fatar ta saɓule.
Gwaggo Tabawa ta ce baki ne.
Na sha rubutu kwana bakwai,
dala biyar ta zama tafin hannu,
sannan girar hagu ta bi sahu.

A babban asibiti, bayan layin wuni guda,
likita ta duba da fitila, ta ɗibi jini.
Ta ce ba makero ba ne, ba a ɗauka.
Dakarun jikinki ne suka rikice,
suka far wa na gida.
Zai iya dawowa. Zai iya ƙi.
Allura shida a fatar kai,
jikka goma sha biyu a farmasi,
na hau kabu-kabu ina riƙe da kallabi
da hannu biyu, kamar mai dakon ƙwai.

Ban je sunan Hansatu ba.
Na juya madubi ya dubi bango.
Da dare, in maigida ya miƙo hannu,
sai in ce zafi ake yi.
Barci ya ƙaura.
Ina jin masu ga-ruwa suna tura kura
tun kafin kiran farko.

Jiya Madam Zulai, mai koyarwa a lakwal,
ta zauna tsakanin gwiwoyina.
Shuku, in ji ta, irin na kullum.
Tsinkena ya ratsa, ya ratsa,
sai ya tsaya.
Bayan kunnenta na dama,
ga shi nan, faɗin dala biyar.
Wuyanta ya ƙage. Ta sani.
Ta san na gani.

Ban ce uffan ba.
Na warware abin da na fara,
na kwanto da kitson gefe guda
ya rufe wurin, kamar da gangan.

Da ta miƙo kuɗi, na tura ƙyaure da ƙafa,
na kwance kallabina
a karon farko gaban wani.
Ta daɗe tana kallo.
Sannan ta ce, a hankali,
wace rana likitar take zama?

Na ce, Talata.
Ki biyo mini, mu tafi da sassafe.